Na Ce Masa Kada Ya Bi Ta Kan Duwatsu

Lahadi, 6 ga Nuwamba, bayan magariba

Duk sun sauka da ransu. Da wannan zan fara.

Jirginmu na Nairobi ne iska ta tsere masa a sama. Takunkuman shaƙa suka zubo a kan fasinjoji, aka juya, aka sauka Juba da ɗan man da ya rage. Ni na tsara tafiyar. Aikina ke nan a kamfanin nan: in zaɓi hanya, in auna mai, in nemo inda za a gudu idan abu ya ɓaci. Matuƙin kuwa Mika'ilu ne, yayana. Ba ciki ɗaya muka fito ba, nono ɗaya muka sha. Uwarsa ta rasu a gonar auduga can Jazira yana jinjiri, Iya ta haɗa mu ta shayar. 'Yan watanni ya ba ni, amma tun muna rarrafe yake cin girman.

Da aka faɗi inda jirgin yake a rediyo na ɗauka kunnena ne. Kan duwatsun Habasha. Ni ban aike shi can ba.

Iya ta yi sujada a tsakar gida, ta aika wa maƙwabta sadakar dabino. Ban gaya mata komai ba tukuna.

Litinin, 7 ga Nuwamba, bayan isha'i

Bari in rubuta shi yadda yake tun kaina bai cakuɗe ba.

Can sama iska ba ta isar mutum. Na'ura biyu ke cusa wa fasinja iskar da yake shaƙa. Ɗaya ta mutu tun makon jiya, kayan gyara ba su iso ba. Doka ta yarda a tashi da ɗaya, amma wanda ke tafiya da huhu ɗaya ba ya wasa da hanya. In ta biyun ta tsaya, takunkumi zai ba mutum minti goma sha 'yan kai ne kawai, kuma kafin ya ƙare dole jirgi ya sauko ƙafa dubu goma, inda ake numfashi ba taimako. A kan kogin Farin Nilu wannan ba komai ba ne, ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma. A kan duwatsun Habasha kuwa ina za ka sauko? Ƙasar ce ta hau ta same ka. Shi ya sa na bi da su ta Malakal da Juba, na ƙara mai, don jirgi in ya yi ƙasa yana shan mai kamar raƙumin da ya daɗe bai ga rijiya ba.

Jiya da fatur, wato karin kumallo, muna zaune a ofis, kwanon ful ɗaya, dafaffen waken nan, ni da Mika'ilu da Hazim injiniya. Haka muke kullum, kuma a kan kwanon nan ake gama rabin aikin kamfanin. Ba a rubutawa. Manaja har alfahari yake, wai mu iyali ne, maganar baki ta ishe mu.

Mika'ilu ya duba hanyar ya ce, "Ustaza, wannan zagaye haka, amarya za mu kai? In na samu izini a sama zan yanke."

Na ce, "Yaya, kada ka bi ta kan duwatsu. Na'ura ɗaya gare ka, kuma ban ga mafita a can ba."

Ya yi dariya, ya sace ƙwan da ke gabana. Hazim ma ya yi dariya, hannunsa cikin kwano.

Yau aka dawo da su. Na hango Yaya daga taga yana sauka, ya rame a kwana ɗaya. Wallahi tausayinsa na ji. Kai tsaye ya wuce gidanmu na Kalakla wajen Iya, kafin in taso aiki ya tafi.

Talata, 8 ga Nuwamba, la'asar

Na kira shi sau uku bai ɗauka ba. Na ce gajiya ce.

Laraba, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

An ce in zauna gida har kwamitin bincike ya zauna. Mai gadi ya karɓi katina yana kallon ƙasa, yana ta ba ni haƙuri, malesh, malesh, kamar shi ya yi.

Manaja ya ce Kaftin ya ba da bayaninsa. Wai a wajen fatur ni na ce masa na duba gajeruwar hanyar, akwai mafita, in ya samu izini ya yanke.

Na ce a sake faɗa min. Ya sake.

Ban san yadda na hau mota ba. Sai da muka wuce tasharmu yaron mota ya taɓa kujerata. In maganar nan ta zauna, lasisina ya tafi, kuma ba kamfanin da zai sake ba ni ko lissafin man babur. Shekarun da na yi ina karatu da fitilar caji, da duk bakin da na sha wai mace ba ta aikin filin jirgi, duk a banza.

Ba zan ƙara rubuta sunansa a nan ba.

Alhamis, 10 ga Nuwamba, da rana

Na tare Hazim wajen mai shayin bakin ƙofar filin jirgi. Da ya gan ni har ya so juyawa, kunya ta hana shi.

Na ce, "Hazim, kana zaune. Hannunka na cikin kwanon."

Ya ce, "Wallahi ya ustaza hankalina na kan waya. Ban ji ba."

"Dariyar da ka yi fa? Wayar ce ta ba ka dariya?"

Ya yi ta juya cokali cikin shayin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Daga baya mai shayin ce ta tsegunta min abin da kowa ya sani ban da ni. Ba na'urar kaɗai ce ta tsaya ba. Robar ƙofar kaya ta baya ta cinye, ta nan iskar ta zurare da sauri haka, kuma Hazim ne ya duba ta ya ce za ta kai wata. To ka ji. In ido na kaina, ba ya kan robarsa. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ni kam da su duka nake fushi.

Juma'a, 11 ga Nuwamba, da safe

Na faɗa masa. Na faɗa masa. Da bakin nan nawa na faɗa masa.

Lahadi, 13 ga Nuwamba, la'asar

Na tsallaka Umdurman asibiti. Ba wanda ya aike ni. Akwai wata tsohuwa cikin fasinjojin, Hajiya Khadiga, za ta wajen ɗanta ne a yi mata aikin ido. Iskar takunkuminta ta ƙare jirgin na nan sama yana neman inda duwatsu za su ƙare, ga ta da ciwon zuciya. Ta farfaɗo, amma maganarta ba ta dawo daidai ba, kuma hannun dama ba ya ɗaguwa.

'Yarta ta ɗauka ni 'yar dubiya ce daga unguwa. Ta ba ni kujera, ta zuba min ruwa, ta ce, "An ce wata ma'aikaciya ce ta tura su ta kan duwatsu. Allah ya isa tsakaninmu da ita." Na ce amin. Me zan ce? Na ajiye kofin.

Tsohuwar ta yi ta kallona tana motsa baki. Na gyara mata mayafi na fito.

Talata, 15 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau na gaya wa Iya duka, daga kwanon ful har asibiti. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ni'ima, mutum ɗan mantuwa ne. Watakila kin ce a zuciyarki ne, ba ki furta ba."

Na ce, "Iya, ni ce fa. Yaushe na taɓa barin magana a zuciya? Ba ke kike cewa bakina zai hana ni aure ba?"

Ta ce, "Shi ma bai taɓa yi min ƙarya ba."

Wannan ta fi ta manaja ciwo. Amma na yi mata uzuri. Tsohuwa ce, ba ta san jirgi ba, 'ya'yanta biyu kowa da maganarsa, wa za ta ɗauka? Na ce a raina da ta san gaskiya da ta tsaya min.

Alhamis, 17 ga Nuwamba, da hantsi

An rufe gadoji saboda zanga-zanga. Ko a buɗe suke ba inda za ni. Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Duk jirgin da ya wuce ta kan gida sai na tsinci kaina ina lissafa masa mai.

Juma'a, 18 ga Nuwamba, bayan sallar Juma'a

Judiyya aka kawo min har gida, sulhun dattawa, kamar na kashe wa wani saniya. Baba Ladan ne ya zo daga Mayo, unguwar mutanenmu, da tsofaffi uku. Shi ya raɗa min suna, shi ya yi wa mahaifina wanka. Iya ta shimfiɗa tabarma, ta dafa jabana, gahawar nan mai citta. Na lura ta gasa gahawar tun safe, ashe ta san da zuwansu. Aka zuba, ba wanda ya taɓa kofinsa.

Baba Ladan ya ce, "'Yata, tun da kakanninmu suka taso da ƙafa za su Makka suka yada zango a ƙasar nan, da me aka san mu? Cirar auduga, tallan gyaɗa, gashin tsiren agashe. Yau muna da kaftin ɗaya tak. Yara a Mayo in jirgi ya wuce suna ɗaga hannu suna kiran sunansa. In ya faɗi, ba shi kaɗai ya faɗi ba."

Na ce, "Baba, ni fa? Ni ma ɗaya ce tak."

Wani cikinsu ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro in ya yi wayo. Ya ce ai ni mace ce, gobe Allah ya kawo miji in huta da wahalar mota. Na danne abin da ya taso min, don da na buɗe baki da an tashi baram-baram.

Baba Ladan ya ce, "Ba mu ce ki yi ƙarya ba, Allah ya tsare. Ki ce ba ki tuna ba, a bar kaza cikin gashinta. Manajanku ya ba mu alkawari gargaɗi kawai za a yi miki, ki koma aikinki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce a gafarce ni, ba zan iya ba.

Sai ya kai hannu ya kwance rawaninsa. Fari, dogo, ya naɗe shi ya ajiye a gaban ƙafata. Ban taɓa ganin kan Baba Ladan ba sai yau. Ɗan ƙarami ne, da furfura kaɗan a gefe, rana tana dukansa. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Ba zai ɗauka ba, ba zai sha jabana ba, ba zai tashi ba, sai na ɗauka da hannuna na miƙa masa. In na miƙa kuwa na yarda ke nan. In na tsallake na shige ɗaki, har jikokina za a riƙa nunawa.

Muka zauna. Kofuna suka huce. Ƙuda ya sauka a kan tsohon bai kore shi ba.

Iya ta ce, a hankali, "Ni'ima, za ki bar kan tsoho a rana? Don nonon da kuka sha."

Na ɗauka. Suka yi fatiha, suka sha jabanarsu da sanyinta, har suna yabon citta.

Asabar, 19 ga Nuwamba, da safe

Rawanin ba shi da nauyi ko kaɗan. Abin da ya ba ni mamaki ke nan.

Laraba, 23 ga Nuwamba, la'asar

Ya zo. Sai da ya tabbata an ɗaure ni sannan ya zo, da ledar lemu a hannu kamar mai dubiya.

Ya tsaya bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Ustaza."

Na ce, "Kada ka ƙara kirana haka."

Ya ce manaja ya daɗe yana matsa musu a kan mai, duk wanda ya rage sha shi ake yabo, ga maganar shugabancin matuƙa an kusa yankewa. Ya ce sau nawa yana yanke hanyar nan ba abin da ya faru. Ya ce lokacin da takunkuman suka zubo, ya duba ƙasa ya ga duwatsu ko ta ina, ba abin da ya faɗo masa sai muryata.

Na ce, "Ashe ka ji."

Ya ce, "Zan gyara miki, wallahi. In na hau, ni zan dawo da ke."

Na ce, "Ka je asibitin Umdurman ka gyara hannun Hajiya Khadiga tukuna."

Ya ajiye lemun ya fita. Na ji Iya tana ce masa ya tsaya ya ci abinci, ya kuma tsaya.

Alhamis, 24 ga Nuwamba, bayan azahar

Mutum huɗu a bayan tebur, na'urar sanyi tana ta ƙara. Sun san aikinsu. Suka tambaye ni tsayin duwatsun, da daɗewar iskar takunkumi, da dalilin ƙarin man, duk na amsa ba gargada. Shugabansu, wani dattijo mai tabarau, ya ce hanyar da na tsara ba ta da aibi. Sannan ya cire tabarau ya ce, "To, 'yata, a wajen fatur ɗin me kika ce wa Kaftin?"

Ina jin ya so in faɗa. Ya ba ni lokaci har sauran suka fara motsi.

Na ce ban tuna ba.

Ya mayar da tabaransa.

Lahadi, 27 ga Nuwamba, da rana

Ba gargaɗi ba ne. An soke lasisin. Wai tunda akwai wadda ta nakasa, abin ya fi ƙarfin kamfani. Manaja ba ya ɗaukar waya. Baba Ladan ya aiko a ce min haƙuri, haka Allah ya so.

Talata, 29 ga Nuwamba, da hantsi

Ya koma tashi yau. Jidda, 'yan umra. An canja robar ƙofa, an kuma hana maganar aiki a wajen fatur, komai sai a rubuce. Madalla. Ashe ana iyawa.

Alhamis, 1 ga Disamba, bayan la'asar

Iya na gashin kisra, siririyar wainar dawar nan, ni ina miƙa mata ƙullu. Na ce, ba don faɗa ba, don dai in sauke, "Iya, ko yanzu da komai ya wuce, ki yarda da ni. Na faɗa masa. Wannan kaɗai nake so a wajenki."

Ta ɗaga kisrar daga kan ƙarfe ta ajiye a faifai. Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin yarda ke nan?"

Ta ce, "Na sani tun ranar da ya dawo. Nan ya durƙusa, ya kifa kansa a cinyata yana kuka, ya ce kin hana shi bai ji ba. Ya ce in an gane ya ƙare. Ni na ce ya tashi ya share ido, za a san yadda za a yi."

Ƙullun ya zube min a ƙafa ban ji ba.

Ashe ranar da take tsince wake tana ce min mutum ɗan mantuwa ne, ta sani. Ranar da ta gasa gahawa tun safe, ta sani. Ni ina yi mata uzuri wai tsohuwa ce ba ta san jirgi ba!

Na ce, "Iya, don me?"

Ko muryarta ba ta canja ba. Ta ce, "Shi amana ne. Uwarsa ta damƙa min shi tana kan gargara, gobe kiyama zan haɗu da ita. Ke kuwa ni na haife ki. Ki yi fushinki ki gama, ba inda za ki."

Ta ɗebi wani ƙullun ta shafa a ƙarfe.

Na so in yi ihu unguwa ta taru. Na so in fasa wani abu. Ban yi ko ɗaya ba, na wanke ƙafata na shiga ɗaki. Shi tsoro ya ji, Hazim robarsa yake karewa, dattawa tutarsu. Ita kuwa zama ta yi ta auna mu biyu, ta ga wadda za a iya yankawa ba ta gudu ba.

Juma'a, 2 ga Disamba, da safe

Ta kawo min shayi da madara har ɗaki, yadda nake so. Yana nan inda ta ajiye.

Asabar, 3 ga Disamba, da hantsi

Wata ƙawata tana da ɗaki bayan Kasuwar Umdurman, saman shagon masu ɗinki. Ta ce in zo. Akwati ɗaya ya ishe ni, da littattafan aikina. Gobe zan nemi dattijon nan mai tabarau in ce masa na tuna. Watakila ya ce an rufe magana, watakila ya tambaye ni wace irin shaida ce mai mantuwa yau ta tuna gobe, kuma yana da gaskiya. Lasisin ba lalle ya dawo ba. Amma 'yar Hajiya Khadiga za ta san wa take yi wa Allah ya isa.

Mota na ƙofa. Da na jawo akwatin tsakar gida Iya ta taso daga kan tabarma, ta dubi akwatin, ta dube ni, ta riƙe min hannu. Na ce a raina ko yanzu ne za ta tsaya min.

Ta ce, "Ni'ima, ba dai wajen hukuma za ki ba?"

Ba ta tambaye ni inda zan kwana ba.